Kalilu Mai Hoto da Sha-kauci

Duk wanda ya tashi a Ɗambatta a zamaninmu, in dai yana da hoton yarinta, to Kalilu ne ya ɗauka. Shagonsa yana bakin tasha, da wani labule da aka zana wa jirgin sama da bishiyar dabino. Ni ma nawa yana nan a akwatin tsohuwata, na gama firamare, kunnuwa a baje kamar faifai. Shi ya sa ranar da na leƙa ta tagar ɗakina a unguwar Cheras ta Kuala Lumpur na hango tsoho da zanna-bukar zaune a ɗan filin da ke bayan kicin ɗin maƙwabta, ya kafa kyamara yana fuskantar wata kwalba a rataye, sai da na murza ido na sake dubawa.

Sunana Haliru. Karatun digiri na uku ya kawo ni Kuala Lumpur, ina haya a ɗakin sama na wani gida cikin jerin gidajen nan da suke manne da juna. Gidan da ke jikin namu na Dakta Hambali ne, malami a wata jami'a, shi da matarsa Hureira. Na san ɗan garinmu ne, amma ban taɓa haɗa shi da Kalilu Mai Hoto ba sai ranar. Ashe ɗan farinsa ne. Tsohon ma ba ya kama sunansa, sai dai ya ce "yaron nan", ko da yake yaron nan furfura ta fara fito masa a gemu.

Kalilu ɗan maɗinka ne, amma allura ba ta karɓe shi ba. Yana saurayi ya gudu Kano ya zama yaron shagon wani Bayarabe mai hoto a Sabon Gari, ya yi shekaru yana wanke kwanukan magani a ɗakin duhu kafin a bar shi ya taɓa kyamara. Da ya dawo gida da tasa, malaman unguwa suka ce sana'ar haram ce, mahaifinsa ya daɗe ba ya amsa gaisuwarsa da sakin fuska. Sai lokacin aikin hajji ya zo, ga malaman nan ɗaya bayan ɗaya suna shigowa ɗaukar hoton fasfo, kowa yana waige. In yana ba da wannan labarin dariya yake har da tari. Ya ɗauki biki da suna, ya ɗauki mai sabon keke rungume da kekensa, ya ɗauki samari da rediyo a cinya. Mutum ne mai tsanani a aiki. In hoto ya fito a dushe, a gaban mai shi yake yaga shi, ya ce a koma a zauna. Kullum maganarsa ita ce hoto ido ne, in idon mutum bai fito tar ba, riga kawai ka ɗauka.

Daga baya wayar hannu ta zo ta cinye sana'ar, shagon ya koma wurin cajin waya. Matarsa Azumi ta rasu. Sai ciwon ido ya biyo baya, irin wanda yake cin gani daga gefe a hankali ba tare da zafi ba, har mutum ya fara karo da ƙofa. Kafin Hambali ya shawo kansa ya yarda ya zo asibiti a nan, idon hagu ya riga ya tafi. Na dama aka yi wa aiki, likita kuma bai ɓoye ba: abin da ya rage ba zai daɗe ba. Shi da kansa ya kwatanta mini, ya ce kamar mai leƙe ta ramin makulli yake ganin duniya.

Kwalbar kuwa Hureira ce ta saya don ado, ta roba mai jan gindi da 'yan furannin ƙarya, ana zuba mata ruwan sukari. Wasu ƙananan tsuntsaye ne suke zuwa sha, ba su fi babban yatsa ba, ciki rawaya, baki siriri a lanƙwashe. Namijin yana da wuya baƙi mai sheƙin shuɗi in rana ta buge shi. Mutanen nan kelicap suke ce musu. Kalilu ya ce shi dai sha-kauci ya sani, kuma wannan ɗan'uwansa ne da ya yi ƙaura. Wani lokaci kafin tsuntsun ya sauka sai ya tsaya cak a iska, fikafikai na kaɗawa har ba a ganinsu, ɗan ƙiftawar ido, sannan ya kama. Wannan tsayuwar ce ta shiga ran tsohon. Ya sa aka cire ɗan karan da suke sauka a kai don dole su tsaya a iska.

Ya ce da ni, "Na ɗauki hakimi, na ɗauki amarya, na ɗauki gawa. Duka ni na ce su tsaya suka tsaya. Wannan ne kaɗai ba ya jin maganata. Ina so in kama shi a sama, fiffike a buɗe, ido tar, in gani da idona kafin a rufe mini shagon."

Abin da yake nema ke nan, kuma kowa a gidan ya sani.

Ranar da na fara shiga gaishe shi, bayan ya gama tambayar dangina kakanni da kakanni, sai ya ce a nuna mini aikin safiyar. Hambali ya haɗa kyamarar da talabijin ɗin falo. Tsohon ya matsa har hancinsa na neman taɓa gilashin, yana yawo da kansa don ramin makullin nan ya bi ko'ina. Launi yana gani, amma ba ya iya tantance ko ya fito ko bai fito ba.

"Yaron nan ya ce sun yi kyau. Kai me ka gani, Malam Haliru?"

Abin da na gani wani dabbare ne rawaya, kamar an goga miyar ɗanyen manja a bango. Hambali yana tsaye a bayan ubansa yana ta yi mini inkiya da gira. Ni kuwa an san ni da baki, shi ya sa ba a kirana sasanci.

Na ce, "Baba, gaskiya bai fito ba. Kwalbar ma a dushe take."

"Na jiya fa?"

Aka nuna. Na ce duk ɗaya ne.

Tsohon ya juya inda ɗansa yake, ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya ce da ni gobe in zo masa da zaren buhu.

A bakin ƙofa Hambali ya tare ni. "Haba Haliru. Mutumin nan he is going blind. Me za ka ƙaru da shi in ka karya masa zuciya? Kara ma ai wani abu ce."

Na ce kara ga wanda ya dafa tuwo ya yi gudaji ake yi. Wannan sauran ganinsa yake kashewa a kan abin da ba ya fitowa, kuna tafa masa. Ya ce ni ba zan gane ba tunda ba ubana ba ne. Ban musa ba. Hambali mutumin kirki ne, yana son ubansa, a gabansa ko zama a kujera ba ya yi. Amma irin wannan ladabin namu, wanda babba ba ya kuskure, ba ya jin labari sai mai daɗi, na ga ya hallaka mutane fiye da rashin kunya.

Washegari na kai zaren. Kyamarar sabuwa ce, Hambali ya saya masa, amma gilashin gabanta nasa ne na tun shago, irin wanda ake murzawa da hannu, da lambobin nisa a jiki. Ya ɗaura zaren a jikin kyamarar, ya ja shi har ɗan gaban bakin kwalbar inda tsuntsun yake tsayawa, ya ƙulla. Ya ce haka yake yi a shago, ƙullin a kan hancin mai hoto. Muka rataye kwalin ashana daidai ƙullin, yana murzawa ina duba talabijin, har rubutun kwalin ya fito raɗau. Ya naɗe wurin da salatif don kada ya goce. Ya ari tiren silba na Hureira ya jingina a jikin katanga yana juyo hasken safiya. Ya koma gefe da 'yar wayar da ke haɗe da kyamarar, mai maɓallin ɗauka, a hannu, don kada kusancinsa ya kori baƙin.

Daga nan kwalba ta riƙa fitowa tar a kowane hoto. Tsuntsun ne babu. Kafin ramin makullin ya same shi, ya danna, tsuntsun ya riga ya tafi. Wani hoton wutsiya, wani rabin fiffike, yawanci iska. Kowace safiya kafin in tafi makaranta nakan biya da roti canai, gurasarsu ta nan, da na sayo aka ƙunsa mini a shagon abincin mamak, mu duba na jiya, in faɗa masa abin da ke ciki. Ba ya fushi. Sai ya ce, "To, madalla. Aƙalla na san inda nake." A waɗannan makonnin ne na fi ganinsa da walwala. Har ma'aurata biyu daga cikin tsuntsayen suka yi sheƙa a ƙarshen igiyar shanya, wata 'yar jaka mai kama da tsumma, ya hana Hureira shanya a wannan ɓangaren.

Ya zo da zuma daga gida, ta amyar ƙanensa, baƙa mai kauri a galan. Kullum da safe yana shan cokali ɗaya da bisimilla don neman waraka. Wata rana ya yanke shawarar cewa abin da ya sa tsuntsayen ba sa daɗewa shi ne an raina su. Ya ce baƙon da ya zo gidanka kullum, kana shan zuma kana ba shi ruwan sukari, ai ba ka cika ɗan halak ba. Ya sa aka riƙa dama zumar a ruwa ana cika kwalbar. Kuma da yake zuma ce, abu mai albarka, bai yarda a zubar da ragowar ba, sai dai a ƙara a kai. Lokacin na tafi wata jiha tattara bayanan bincikena, ban san ana yi ba.

Da na dawo, warin tsami ne ya fara tarbata a bayan kicin ɗin. Na ɗaga kwalbar a rana, ga baƙin gansakuka ya bi bakin furannin ta ciki. Garin da tuwon dare ba ya kai safe in ba a sa a firji ba, ina ga ruwan zuma a rataye cikin rana. Tsohon yana zaune da maɓallinsa yana murna.

"Ka ga aikin zuma? Yanzu namijin nan har zama yake a kan igiya, ba ya tashi."

Na duba igiyar. Yana zaune kuwa, gashinsa a bushe a tashe, baki a buɗe, harshe a waje. Na ciro waya na bincika, abin da na karanta ya tayar mini da hankali: ruwan zuma in ya yi tsami yana haifar musu da wata cuta a baki, harshe ya kumbura, su kasa sha har yunwa ta kashe su. Na sami Hambali a mota zai fita, na nuna masa.

Ko karɓar wayar bai yi ba. "Na sani. Hureira ta gani tun satin farko, a jikin kwalin kwalbar ma an rubuta."

"Ka sani ka yi shiru?"

"Ta yaya zan dubi Baba in ce masa zuma tana kisa? Zumar da yake sha da niyyar waraka? Ka san abin da zai ji. Na ce Hureira ta riƙa canzawa a ɓoye, to kullum yana zaune a wurin. Tsuntsu ne fa, Haliru. Small thing lah."

Na ji kamar in mare shi, da digirinsa da komai. Na koma na durƙusa gaban tsohon na faɗa masa yadda abin yake. Da farko ya ce ƙarya ne, zuma ba ta cuta. Na ce ba zumar ba ce, tsamin da take yi a zafin garin nan ne. Ya ce in kawo kwalbar. Ya shinshina, ya ajiye a hankali.

"Yaron nan ya sani?"

Na ce ya sani.

Washegari Hureira ta tsinci namijin a cikin kwata, tururuwa ta rufe shi. Tsohon ya ce a wanke a ba shi. Ya ɗora a tafin hannu, ya kai shi dab da idonsa, yana shafa wuyan nan da ɗan yatsa. Karo na farko ke nan da ya ga tsuntsun a tsaye yadda yake so. Macen ba a sake ganinta ba. A cikin sheƙar akwai 'ya'ya biyu, suka yini suna tsiwa, washegari muryar ta ragu, daga nan aka daina ji. Na yi ƙoƙarin ɗiga musu ruwan sukari da tsinke, ba su karɓa ba. Kalilu yana zaune yana sauraron duk wannan, kunnensa kuwa lafiya lau yake. Bai yi wa ɗansa faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi wa Hambali sauƙi. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ni na kashe su, ku kuka riƙe mini su." Daga ranar bai ƙara shan zumar ba.

Na wanke kwalbar da ruwan zafi, muka koma ruwan sukari, ana canzawa kullum. Amma wurin ya mutu. Sauran da suke zuwa ko sun mutu a wani wuri ko sun canza hanya, Allah masani. Aka shiga makonni na jira. Yana fitowa bayan asuba, ya laluba zaren ya tabbatar ƙullin yana inda yake, ya gyara tire, ya zauna har ruwan la'asar ya kore shi. Ramin makullin kuwa kullum ƙara tsukewa yake. Na ji tausayinsa ƙwarai, kuma na ji haushin kowa, har da shi, don taurin kansa ma ya taimaka.

Wata safiya rana ta fito ƙwal, ina shigowa na ji yana tambayar Hureira, "Yau hadari ne ya haɗu haka?"

Ta dube ni, idonta ya cika. Ta ce, "Eh Baba, hadari ne."

Ya miƙa hannu waje daga inuwar rumfa. Rana ta sauka a bayan hannunsa, ya bar shi a nan har wani lokaci, sannan ya janye ya ɗora a gwiwa. Ya yi salati a hankali. Aka kai shi asibiti a ranar, likita ya ce babu abin da ya rage a yi.

Na ɗauka shi ke nan. Amma bayan kwana kaɗan sai ga shi ya lalubo bango ya fito ya zauna a wurinsa, ya ce a ba shi maɓallin. Ina jin ba don yana sa rai ba ne, zaman ɗaki ne ya gagare shi. Hambali ya fara shirin mayar da shi gida kamar yadda ya nema.

Ana saura 'yan kwanaki tafiyar, muna zaune ni da shi, sai na ji wani siririn tsit-tsit daga kan katanga. Wani sabon namiji ne, ƙarami, wuyansa na walƙiya. Ban motsa ba, ban yi magana ba. Tsohon ya karkata kai. Tsuntsun ya sauko, ya zagaya kwalbar, ya tsaya a iska da wannan ɗan furr na fikafikai, sai na ji ƙyas. Sau ɗaya ya danna. Tsuntsun ya yi sama.

Na haɗa kyamarar da talabijin. Ga shi nan daidai inda ƙullin zaren yake, fikafikai a buɗe har ana ƙirga gashinsu, ƙafafu a naɗe, shuɗin wuyan ya kama hasken tire, a cikin idon kuma ga ɗigon haske fari. Ban taɓa ganin hoto irinsa ba. Hureira ta toshe baki da mayafi. Hambali ya sauko daga bene ya tsaya, hawaye na bin gemunsa.

Ya ce, "Baba, ya fito. Ya yi kyau, Baba."

Tsohon bai ko juya wajensa ba. "Malam Haliru, kai nake jira."

Na ce, "Baba, wallahi ya fito. Idon tar, har da ɗigon haske a ciki. Fiffiken duka biyu."

Ya karkata kai wajena. Sannan ya yi wani ɗan murmushi da ban so ba.

"Kai ma?"

"Baba, na rantse maka."

"Da can da kake faɗa mini gaskiya ba ka rantsuwa, muryarka kuma ba ta rawa. Mai ido ya yi wata da watanni bai samu ba, sai makaho da dannawa ɗaya? Na gode, Allah ya yi maka albarka. Na san tausayi in na ji shi."

Na kwatanta masa komai, gashi ɗaya ɗaya. Na ce a kira duk wanda ya yarda da shi a duniya a tura masa ya duba. Ya ce wa zai ce wa makaho aikinsa bai yi ba? Gaskiyarsa ce kuwa, babu. Ya sa aka kwance zaren, aka sauke kwalbar, aka mayar wa Hureira tirenta.

Hambali ya kai aka wanke hoton babba aka sa a gilashi, ya kawo masa ranar tafiya. Tsohon ya shafa shi daga sama har ƙasa, ya ce gilashi ne mai sanyi, a bar wa masu gida. A falonsu yake rataye har yanzu, duk baƙon da ya shigo sai ya tsaya a gabansa, Hambali kuwa ba ya son a tambaye shi labarinsa.

Kalilu yana Ɗambatta a gidan ƙanensa. Bara da na je hutu na same shi a zaure kan tabarma, ya rame, mutane na ta shigowa gaisuwa. Wani dattijo ya tambaye shi me ya samo a Malesiya. Ya ce ya je neman ido, ya ɓuge da neman tsuntsu, bai samo ko ɗaya ba. Ina zaune a gefensa, hoton yana cikin wayata a aljihu. Na buɗe baki, sai ya dafa gwiwata ya ce in bari, ya tambaye ni yaya karatu.